Mai Igiyar Baya

Kwanan baya ina zaune a ofishin malamai ina jiran ƙararrawar tashi, ina latse-latsen waya kamar kowa, sai na ci karo da guntun wani fim da na sani. Wani saurayin Bature ne da faffaɗar hula, a bayan ƙaton bijimi yana wujijjiga shi sama da ƙasa. A ƙarƙashin hoton mutane sun yi layi suna faɗin ra'ayinsu. Wani ya ce fim ɗin ya cika tsawo. Wata ta ce ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Wani kuma, sai ka ce tare suka yi wasan ƙasa da mamacin, ya dage cewa ainihin mutumin bai kai ɗan fim ɗin kyau ba. Na karanta har na gaji, na ce a raina duk kun yi ƙoƙari, amma a cikinku ba wanda ya kalle shi tare da mahaucin Mubi. Ni na kalla, a falona da ke Shagari Low Cost, a shekarar da aka yi gudu.

Mahaucin nan mahaifina ne. Baba ya gaji fawa wajen ubansa, shi ma ya gada wajen nasa, kuma duk wanda ya san mahauta ya san ba da raɗa suke magana ba. Mutum ne mai faɗa. Yana faɗa in an makara da abinci, yana faɗa in an kawo da wuri ya huce, yana faɗa da liman in ya ja doguwar sura. A cikin 'ya'yansa ni ce na ɗauko shi kaf, shi ya sa tun ina yarinya ba ma awa ɗaya a wuri ɗaya ba mu yi ba. Da aure ya kawo ni Jimeta, Inna ta ce to, yanzu rabin gidan ya huta.

Da yaran nan na daji suka shigo Mubi, iyayena suka fito da abin da ke jikinsu. Kwanaki suka yi suna tafiya a ƙafa ta bayan duwatsu kafin su samu motar da ta kawo su. A lokacin duk gidan da ka shiga a Jimeta za ka tarar da baƙi, wani gidan har a gareji ake kwana, kuma in ka fita kasuwa sai an laluba jakarka kafin ka shiga. Ranar da na buɗe ƙofa na gan su, da ƙyar na gane Inna, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ta yi kukanta, ta yi kwana biyu tana barci, a rana ta uku ta shiga kicin ta fara sauya wa tukwanena wuri tana cewa ban iya ajiya ba. Daga nan na san ita kam ta dawo.

Baba ne bai dawo ba. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, gefen ƙofar falo, ya jingina da bango, shi ke nan. In ka gaishe shi ya ce lafiya. In an ajiye abinci ya ci loma huɗu ya ture. In an kira salla ya tashi ya yi a nan inda yake, ya koma ya zauna. Na gwada shi da gangan. Na zuba gishiri a miya har sai da maigidana ya tofar, Baba ya haɗiye bai ce uffan ba. Na zauna a gabansa ina yanka nama da dakusasshiyar wuƙa, ina gurzawa ina ja, abin da a da ko daga ɗaki ya jiyo sai ya fito ya ƙwace yana tambayar wa ya haife ni. Ya dube ni, ya kawar da kai.

Mun kai shi asibiti, likita ya auna ya ce jininsa ya ɗan hau, ban da wannan ba komai. Ba komai! Mutum yana narkewa a gabana kamar sabulu a ruwa, a ce mini ba komai. A layinmu akwai wani dattijo da shi ma gudu ya kawo shi wajen ɗansa. Haka ya yi ta zama shiru, ba ciwon kai ba zazzaɓi, wata safiya aka tashe shi bai tashi ba. Tun daga ranar nake leƙa Baba sau goma a wuni. Tsorona ɗaya ne, kada shirun nan ya tafi mini da uba.

Na san inda abin ya samo asali, ko in ce na ɗauka na sani. Baba yana da amini da muke kira Kawu, ba don mun haɗa jini ba. Tare suka tashi a kwata, kuma a zamanin ƙuruciyarsu Kawu ne ɗan hawan ƙahon garinmu. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan mahauta ne. Ranar jajiberin salla ko bikin gidan Sarkin Pawa sai a zaɓo bijimin da ya fi kowane faɗa, a ɗaura masa igiya a wuya da wata a ƙafar baya, masu kalangu su yi ta zuga, ɗan wasa ya yi kirari ya tunkare shi gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya. Shi jama'a ke yi wa guɗa. Ba wanda ke kallon mutumin da ke can baya riƙe da igiyar ƙafa, alhali in ya yi sake, ɗan wasa ya zama gawa. Baba ne mai igiyar bayan Kawu. Ni ban riski wasansu ba, na dai tashi na ga Kawu yana ɗingishi. Wani jan bijimi ne ya same shi a ƙugu, ranar da Baba ya yi tafiya wani ya riƙe masa igiya.

Ranar da suka iso, Inna ta ja ni kicin ta ce, "Tare da Kawunki muka fito, ƙafar ta hana shi. Ya tsaya a hanya. Kada ki tambayi babanki." Ban tambaya ba. Na yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci, na share hawayena, na fito na kafa doka a gidana. Ba a kunna labarai. Ba a ambaton Mubi, ba a zancen shanu, ba a tuna Kawu. Na tsare dokar nan kamar soja a shingen hanya. Wata baƙuwa da ta zo jaje ta fara jero waɗanda aka kashe, ban bari ta ƙarasa shan ruwanta ba na raka ta bakin ƙofa. Maigidana ya taɓa cewa anya kuwa, ba gara a bar shi ya ji mutane suna magana ba? Na ce ubansa ne ko nawa? Ya ƙyale ni. Haka muka ci wata huɗu.

Wata Asabar ce a tsakiyar zafin Yola, irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa. Bayan azahar aka kawo wuta, abin da ba a saba ba, fanka ta fara juyawa, kowa ya taru a falo. Akwai ni da Inna da maigidana. Akwai Bappa, ƙanen mahaifin maigidana, wanda kowace Asabar yake hawo keken haya daga Alkalawa ya zo ya ci tuwo ya gyara mana tarbiyya. Bafulatani ne, tsohon ma'aikaci, amma a bayan shanu ya girma, kuma ba ya bari ka manta. Sai Madam, maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Lokacin da abin ya yi zafi ta tura 'ya'yanta garinsu har da talabijin ɗinsu, ita ta zauna gadin shago, don haka in an kawo wuta falona ne sinimarta.

Faifan fim ɗin da muka sa ranar ni na saya da hannuna a kasuwa, kuma sai da na sa mai shagon ya rantse babu harbi a ciki. Ya ce wallahi Anti, fim ɗin manoma ne. Da gona kuwa aka fara, yaro da ubansa suna gyaran shinge. Ba a yi minti goma ba sai ga ƙaton bijimi ya cika talabijin yana huci. Na zabura zan kashe, maigidana ya tare ni.

"Bari mana. Baba yana waje, baya ya ba mu. A rage murya kawai."

Na leƙa ta ƙofar da muka bari a buɗe saboda zafi. Yana nan yadda yake kullum, idonsa a kan katangar gidan Madam. Na rage muryar na zauna, amma rabin hankalina yana baranda.

Labarin wani saurayi ne ɗan talakawa da ya ɗauki hawan bijimi sana'a. Su can ba ta gaba suke tunkarar bijimi ba. A bayansa suke zama cikin wani ɗan keji, mahayi ya naɗe hannunsa ɗaya da igiyar da aka zagaya a ƙirjin dabbar, a buɗe ƙofa, ya fito yana tsalle yana juyi. In ka daɗe a kai kamar ƙirga goma, ka ci. Turancinsu ta hanci yake fita, maigidana kuwa, da yake yana taƙama da turancin ofis, ya ɗauki aikin fassara. Inda ya ji ya faɗa, inda bai ji ba ya ƙirƙira. Matar saurayin ta yi doguwar magana tana kuka, ya ce wai cewa ta yi Allah ya dawo da shi lafiya.

"Duk wannan surutun?" in ji Inna.

"Haka turanci yake, Inna, ba shi da auki."

Bappa tun daga hawan farko ransa ya ɓaci. "Kay! Wannan mutane ba su da kunya. Nagge ba jaki ba ne. Dabba da yake ba ka nono, ka hau bayansa kana ihu?"

"Bappa, wannan ai namiji ne, ba ya ba da nono," na ce, don ba na iya barin magana ta wuce.

"Uwarsa ya bayar," ya ce, ya gyara zama.

Madam kuwa tuni ta mayar da saurayin ɗanta. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar kejin sai ta dafe kai. "Chineke! Riƙe shi, my pikin, riƙe shi! Wannan yaro zai kashe mamansa da hawan jini."

Saurayi ya yi suna, ya ci kyaututtuka, ya karye a haƙarƙari ya warke ya koma. Ubansa mutum ne mai rowar yabo, duk bajintar da yaron ya yi sai ya nemo inda ya gaza. Can kusa da ƙarshe aka haɗa shi da wani baƙin bijimi. Ya hau, ya cika lokacinsa, jama'a suka miƙe tsaye. Da ya zo sauka, hannunsa ya ƙi fita daga igiyar. Bijimin ya yi ta fizgarsa yana maka shi da ƙasa. Wasu mutum biyu masu kaya kala-kala, waɗanda aikinsu shi ne su janye hankalin dabbar, suna ta zagaye sun rasa ta inda za su shiga. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Daga nan aka fara nuna hotunan wani mutum daban, da matarsa, da tsofaffin iyayensa. Maigidana ya karanta rubutun ya ce ashe labarin gaskiya ne, wannan shi ne ainihin mai abin.

Madam ta rushe da kuka. "So na true? Ni na ɗauka wasa ne! Kai, laifin matansa ne. In mijina ne, zan ɓoye wandonsa, zan kulle ƙofa, zan zauna a kan makulli. Ba zai je ko'ina ba."

"Ba ruwan yarinya," Inna ta ce tana goge ido da bakin mayafi. "Uban ne. Da sau ɗaya ya ce masa sannu, ka yi ƙoƙari, da yaron nan bai yi ta bin abin da zai kashe shi ba."

Maigidana ya ce shi dai a ganinsa sana'a sana'a ce, direba ma a mota yake mutuwa, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Bappa ya ce shi duk fim ɗin mai hankali ɗaya ya gani, shi ne bijimin, domin shi kaɗai ne ba a yi shawara da shi ba aka hau shi. Ni na ce dukansu mahaukata ne, da mai hawan da masu zuwa kallo, har da mu da muka ɓata wutar da ba kullum muke samu ba. Murya ta hau murya, kowa na jan nasa, na manta shaf da baranda.

"Mayar da shi baya."

Muka waiga gaba ɗaya. Baba ne tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya dafe da ƙyaure. Wata huɗu rabona da in ji ya haɗa kalma uku a jere. Na ce shi ke nan, ga bijimi, ga jini, ga mutuwa, duk abin da nake ɓoye masa na sayo da hannuna na kawo masa har ɗaki.

"Baba, ai ya ƙare, bari in sa wani."

"Ba da ke nake ba. Ɗana, mayar da shi inda aka buɗe wa baƙin nan."

Maigidana ya mayar. Baba ya shigo, ya wuce kujera, ya tsuguna gaban talabijin har hancinsa na neman taɓa gilashin. Aka nuna sau ɗaya, ya ce a sake. Aka sake. A na uku ya ɗora yatsa.

"Tsaya nan. Kun ga shirmen? Sun ɗaure mutum sun saki sa. Ina aka taɓa yin haka? Sa ake ɗaurewa, mutum a bar shi sake, in ta ɓaci ya san inda zai faɗa." Ya matsar da yatsan kan masu kaya kala-kala. "Waɗannan kuma wa ya koya musu aiki? Dubi idonsu. Yaron suke kallo. Mai tsaron ɗan wasa ba ɗan wasa yake kallo ba, ƙafar sa yake kallo. Sa ba ya juyawa sai ya dasa ƙafar baya. Ga ta nan ya dasa, duk mai ido ya san inda zai yi. Da wannan dogon ya shiga ta nan, da tuni ya zare hannun."

"Wallahi gaskiya ne," in ji Bappa, ya jawo kujerarsa kusa. "Kunne ma yana faɗa. Ka ga ya kwantar da kunne."

"Kunne na makiyayi ne, mai bin sa cikin lumana. Mu da muke haɗuwa da shi ransa a ɓace, ƙafa muke karantawa."

Suka kaure da musu, Bafulatani da mahauci, a kan bijimin wata ƙasa wanda mai yiwuwa an daɗe da cinye shi. Muryar Baba da farko a shaƙe take kamar ta mai mura, tana ta buɗewa har ta fara kama da wadda na sani. Ya ce Madam ta yi haƙuri, mace ba ta hana ɗan wasa wasa, ko ta zauna a kan makulli ta katanga zai fita. Ya ce uban ma a ƙyale shi, wani yabon a ciki yake zama. Na tsaya jikin bango ina kallon ƙeyarsa, daɗi ya cika ni har ina jin in rangaɗa guɗa.

"Laifin na ƙasa ne," ya ce a ƙarshe. "Wanda aka ba amanar ran mutum." Sai muryar ta sauka. Ya cire yatsansa daga gilashin ya dubi tafin hannunsa. "Shekara goma sha tara ina riƙe masa igiya. Fatar hannun nan ta saluɓe ta warke ban san adadi ba. Sa ya ja ni a ƙasa har gwiwata ta buɗe, ban saki ba. Sai da muka tsufa, babu sa babu kalangu, sannan na sake shi na tafi."

Ni kuma, sarkin doka, na zabura. "Baba, a bar maganar nan. A kawo maka ruwa? Ku kashe abin nan, ai tun farko na ce..."

"Ke, rufe mana baki!" Inna ce. Tunda nake ban taɓa jin ta daka tsawa irin wannan ba. "Ni na fara, ke kika ɗora, wata huɗu muna toshe bakin kowa. Ya isa."

Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ba ta yi a gaban suruki.

"Malam, in tambaye ka. A fili, wa ke cewa a sassauta igiya?"

Baba bai ɗago ba. "Ɗan wasa."

"Mai igiya yana da ta cewa?"

"Ba shi da ita."

"In ɗan wasa ya ɗaga hannu ya ce a sassauta, mai igiya ya ƙi saboda tausayi fa?"

"Ya raina shi ke nan. Ya nuna wa duniya bai yarda da shi ba. Ba zai sake riƙe masa ba."

"To sau nawa ya ce maka ka tafi? Ni da kunnena na ji sau uku kafin mu yi gaba da matan. Ya ce ga mata ga jikokin mutane, ba namiji a tare da su, ka bi su. Ka ƙi, ka goya shi. Ban san sau nawa ya ƙara faɗa ba bayan mun wuce."

"Har zagina ya yi," Baba ya ce, sai kuka ya ƙwace masa.

Ban taɓa ganin hawayen ubana ba sai ranar. Bappa ya juya fuska yana nazarin labule, irin kunyarsu ta Fulani. Madam ba ruwanta da wannan, ta taya shi da ƙarfi. Ni kuwa wata kunyar ce daban ta rufe ni, don a nan na gane ba saboda Baba kaɗai na kafa dokar nan ba. Ni ce ba na son ji.

Da ya natsu sai ya ba da labarin da kansa, ba wanda ya tambaye shi. Ya goyi Kawu daga hantsi har la'asar, suna faɗuwa suna tashi, har suka kai wani ƙauye a gindin dutse da mutanensa suka watse. Tsohuwa ɗaya suka tarar, ta ce ita ba inda za ta je ta bar awakinta. A inuwar rumbunta ya kwantar da shi. Kawu ya ce in bai tafi ba, bai yafe masa ba duniya da lahira. Ya tafi. Bai yi nisa ba ya jiyo harbi ta wajen ƙauyen, ya tsaya, ya sake tsayawa, bai koma ba.

Maigidana, wanda ba ya cika magana a gaban Baba, ya yi gyaran murya. "Baba, wane ƙauye ne?"

Baba ya faɗi sunan.

"Ai an buɗe hanyar wajen. Tun watan jiya motoci suke zuwa."

Tambaya ke nan da kowa zai iya yi tun ranar farko, amma ba wanda ya yi, saboda na hana. Mun yi wa mutum addu'ar mamaci alhali ba wanda ya ga gawarsa.

Ranar Litinin kafin ya wuce ofis maigidana ya biya tashar Jimeta, ya yi ta tambaya har aka haɗa shi da wani direba ɗan wancan yankin. Direban ya san ƙauyen, ya ma ce kamar ya san tsohuwar, amma mota ba ta kaiwa can, sai ranar da ya samu sarari ya taka da ƙafa. Aka ba shi lambata. Daga nan muka shiga jira, kuma jiran nan ya fi mini watannin baya wuya. Baba ya fara cin abinci, ya fara fita masallacin layinmu. Bappa bai iya jiran Asabar ba, ranar Laraba sai ga shi ya dawo da sabuwar hujja a kan kunnen bijimi, suka zauna a baranda suka ɗora daga inda suka tsaya. Amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai Baba ya katse maganarsa ya zuba mini ido. Na san in labarin ya zo baƙi yana iya komawa shirunsa, kuma wannan karon ban san abin da zai tashe shi ba. Na yi ta roƙon Allah, in ma mutuwa ce, a samu wanda ya ga kabarin, ya fi wannan zaman.

A kwana na goma, ranar Alhamis da safe, na saɓa jaka zan tafi makaranta, baƙuwar lamba ta shigo. Direban ne, iska na ɗauke rabin maganarsa, da alama kan dutse ya hau ya samu sabis. Ya ce, "Hajiya, ga wani tsoho nan ya ishe ni da masifa, riƙe." Na ji ana kokawa da waya, sannan wata murya da na sani tun ina cikin zanen goyo ta ce, "Wace ce? Mai bakin nan ce? Ina wancan ragon?"

Na nufi baranda, na danna yadda kowa zai ji, na riƙe wa Baba wayar a bakinsa.

"Salamu alaikum," Baba ya ce a hankali.

"Wa alaikumus salam. Wata huɗu! Na ce ka tafi, ban ce ka binne ni ba."

"Na ji harbi."

"Ka ji harbi, ni da nake wurin ban ji ba? Cikin rumbu wannan baiwar Allah ta tura ni, ta zuba mini dawa a ka, kwana biyu ina haɗiye atishawa. Ni ba waya ba, ni ba ƙafa ba, wa zan aika? Ranar Lahadi ta yi addu'arta, ni in yi sallata a zaune, ba abin da ta rage ni da shi. Amma wata huɗu kunu da ganye, ko ƙashi ban gani ba, awakin nan ta fi son su da ni. Ni da na tashi a kwata! Za ka zo ka ɗauke ni ko sai na fara kukan akuya?"

Baba yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Inna ta faɗi ta yi sujada a nan tsakar baranda. Bai ma jira an yi sallama a wayar ba ya miƙe, ya shiga ɗaki ya fito da hula a karkace, yana dube-dube a ƙasa.

"Ke! Ina takalmana? Wane irin gida ne wannan, ba a ajiye abu a same shi inda aka bar shi? Mutum yana can yana jirana, kin tsaya kin saki baki kina kallona!"

Ni da bai taɓa daka mini tsawa na haɗiye ba, na durƙusa na zaro su daga bayan ƙofa, na kakkaɓe, na ajiye masa a gaban ƙafarsa. Na ce, "Ga su, Baba. Ƙara faɗa."